Chevelle 454 daga 1970 zuwa 1972: ƙarfin ne ya ragu ko awon aka canza?

Sarkin_V8:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Chevelle SS 454 ta 1970, motar Chevrolet ta kamfanin General Motors (GM), 454 ɗin girman inji ne a inci kubik. Mai injin da ake kira LS6, takarda ta ce ƙarfin doki 450. Mai LS5 a shekarar, doki 360. A 1971 LS5 ɗin ya zama 365, wato har ya ƙaru da biyar, sai a 1972 ya faɗo 270. Inji ɗaya, girma ɗaya, lita 7.4. Ina doki 95 suka shiga cikin shekara guda? Na biyu kuma, a ganina duk cikin manyan motocin Amurka na wancan zamani babu wadda ta kamo ƙafar LS6, tunda ita ce mai lamba mafi girma. Mai ja ya zo da hujja.

Injiniya_Kabiru:
Wa alaikumus salam Sarki. Yawancin dawakan nan a takarda suka ɓace. Har zuwa 1971 kamfanoni suna amfani da awon SAE gross (SAE ƙungiyar injiniyoyin motoci ce ta Amurka): a ɗora inji tsirara a kan na'urar gwaji, babu matatar iska, babu salansar mota, babu fanka, altaneta ba ta caji, sannan a saita taimin da kafireta yadda zai ba da mafi yawan ƙarfi. Daga 1972 aka koma SAE net, wato inji sanye da duk kayansa kamar yadda yake zaune a ƙarƙashin bonet.

Shekarar 1971 ce ke raba gardama, domin GM ta buga awon biyu tare. LS5 na 1971: 365 a gross, 285 a net. Na 1972: 270 a net. Ka ga ainihin ragin tsakanin shekarun biyu doki 15 ne. Sauran 80 ɗin canjin ma'auni ne kawai.

Mai_Tafet:
Injiniya ya yi daidai, sai dai kada a ɗauka babu abin da aka rasa. Babban ragin an yi shi ne tsakanin 1970 da 1971, kuma shi ne wanda takardar Chevelle ta ɓoye. Ed Cole, shugaban GM a lokacin, ya ba da umarni duk injinan 1971 su iya shan fetur mai octane 91 a awon RON (ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa), marar dalma ko mai ƙarancinta. Sai matsin LS5, wato yadda fistin ke matse iska da mai a silinda, ya sauko daga 10.25:1 zuwa 8.5:1. Abin da makanikai ke ƙiyastawa shi ne kowane maki ɗaya na matsi yana cin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na ƙarfi, don haka ragin maki 1.75 ya ci wajen kashi 6.

Sarkin_V8:
To Malam, in matsi ya ragu yaya aka yi lambar ta hau daga 360 zuwa 365?

Mai_Tafet:
Duba Corvette, ita ma ta Chevrolet. LS5 ɗin da aka rubuta wa 360 a Chevelle ta 1970, a Corvette ta shekarar 390 aka rubuta masa. A 1971 dukkansu suka haɗu a 365. A Corvette ya sauka da 25, a Chevelle ya hau da 5. Salansa da manifol suna iya kawo ɗan bambanci tsakanin mota da mota, amma awon gross ai ba da salansar motar ake yin sa ba. Sashen talla ne ke da bakin magana a waɗannan lambobin.

Dan_Mopar:
Na zo kan magana ta biyu, wai babu kamar LS6. A yi haƙuri, ban yarda ba. 426 Hemi daga 1966 har 1971 lamba ɗaya Chrysler ta riƙa rubutawa: doki 425 a 5,000 rpm, ƙarfin juyi 490 lb-ft (ma'aunin ƙarfin juyi) a 4,000. A cikin shekarun nan an canza kamshaf a 1968, an koma tafet mai aiki da matsin baƙin mai a 1970, lambar ko gezau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba a auna ake rubutawa ba. Lissafin kuwa a fili yake: doki shi ne ƙarfin juyi sau rpm, a raba da 5,252. LS6 an ɗauki awonsa a 5,600. Hemi an tsayar da nasa a 5,000, alhali tof ɗinsa mai manyan bawul da kafiretocin Carter AFB biyu suna ci gaba da shaƙar iska har bayan 6,000. Inda ka zaɓi ka tsayar da awo, nan lambar za ta tsaya.

Sannan ragin matsin 1971 dokar cikin gidan GM ce. Hemi ta 1971 ba a taɓa matsinta ba, 425 gross, 350 net. Injin 440 na Chrysler mai kafireta uku ya ɗan sauka daga 390 zuwa 385.

Hajiya_Buick:
Kuna ta rigima kan doki kun manta da abin da ke tura mota daga tsaye. Buick GS 455 Stage 1 ta 1970: doki 360 kacal a takarda, amma ƙarfin juyi 510 lb-ft a 2,800 rpm. LS6 500 ne a 3,600. Mujallar Motor Trend ta gwada Stage 1 a kwata mil ta samu sakan 13.38 da gudun mil 105.5 a awa. Mota mai lambar da ta gaza ta LS6 da doki 90, ga ta suna kafaɗa da kafaɗa, domin gwaje-gwajen LS6 na mujallu ma a cikin sakan 13 da ɗoriya suka faɗa. Kuma tafet ɗinta ba ya son saiti, za ka iya sayenta da iyakwandishan.

Dan_Mopar:
Hajiya, a sakan 13 ɗin nan ai taya ce ke hukunci.

Baba_Giyabos:
Yauwa, yaro ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ku daina kwatanta sakan ɗin mujallu ba tare da kun tambayi abu uku ba: wace giya ce a aksul ɗin baya, wane giyabos, wace taya.

Chevelle SS ta 1970 da taya F70-14 ta fito, faɗin da ke taɓa kwalta bai wuce inci shida da ɗan wani abu ba. Ka sake mata 500 lb-ft a giya ta ɗaya, hayaƙi kawai za ka gani. Shi ya sa gudun da mota ta kai a ƙarshen kwata mil ya fi sakan faɗin gaskiya kan ƙarfin inji. Sakan yana gaya maka yadda taya ta kama ne da gwanintar direba.

Ga lissafin giya. Muncie M22, wanda ake haɗa LS6 da shi in ana son giyar hannu, giyarsa ta ɗaya 2.20 ce. Da aksul 3.31 na asali, ninkin da kake tashi da shi 7.28. Da 4.10 na zaɓi, 9.02. Giyabos TH400 mai canza kansa giyarsa ta ɗaya 2.48, ga kuma ƙarin ninkin da konbata ke bayarwa lokacin tashi. Don haka LS6 biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya rana ɗaya suna iya bambanta sosai a tashi. Kuɗin da 4.10 ke karɓa kuwa a babban titi ne: da taya mai tsayin inci 26, a gudun kilomita 100 inji yana wajen 3,300 rpm, mai 3.31 kuwa wajen 2,650. Babu giya ta biyar da za ta sauke shi.

Mustang_Zariya:
Baba ya buɗe ƙofar da nake jira. A wajen Ford zaɓin aksul ma canza cikin inji yake yi. Injin 428 Cobra Jet (CJ) ya fito a Afrilun 1968 da lambar doki 335, wadda kowa ya san an danne ta. A 1969 da 1970 in ka zaɓi aksul 3.91 ko 4.30, abin da aka sa wa suna Drag Pack, sai a ba ka Super Cobra Jet (SCJ): kwanrod masu ƙarfi irin na LeMans, karanshaf da fulawil da aka daidaita nauyinsu dabam, da na'urar sanyaya baƙin mai a gaban lagireto. Lambar doki tana nan 335. Ba ƙarin ƙarfi aka sayar maka ba, ƙarin juriya ne don injin zai riƙa zama a babban rpm. Inda ake samun matsala shi ne a haɗa fulawil ko damfar CJ da karanshaf na SCJ. Inji zai riƙa karkarwa, ƙarshenta ya cinye metal.

Harafi na biyar a lambar shasi: Q na 428 CJ marar hancin shan iska a bonet, R na mai shi. SCJ ba shi da harafinsa na kansa, sai ka duba lambar aksul a farantin ƙofa, V na 3.91, W na 4.30.

Sarkin_V8:
Mustang Boss 429 fa? Doki 375 aka rubuta mata.

Mustang_Zariya:
Wannan an yi ta ne don NASCAR, hukumar tseren motoci ta Amurka, ta amince da injin a tsere. Kamfanin Kar Kraft a Brighton ta jihar Michigan ne ya riƙa faɗaɗa ɗakin injin Mustang don ya shiga, guda 859 a 1969. Ramukan iskar tof ɗin sun yi wa titi girma, ga kafiretar Holley 735 cfm (yawan iskar da take wucewa a minti) da kamshaf mai sanyi sun shaƙe shi. A ƙananan rpm iska ba ta gudu a cikin ramin, sai ka ji mota ta yi nauyi. Daga danja zuwa danja 428 CJ mai araha kan ba ta kunya. Ga wanda ke cewa 1971 babu abin kirki kuma, Boss 351 ta 1971 tana nan: doki 330, tafet mai saiti, aksul 3.91, kuma tana cikin Mustang mafi sauri na zamanin da ƙaramin inji.

Mai_Tafet:
Ƙarin bayani kan LS6, don mai sha'awa ya san abin da ke ciki. Matsi 11.25:1, fistin da karanshaf na ƙirar dukan ƙarfe, murafun metal ɗin karanshaf masu kusoshi huɗu-huɗu, tof mai ramuka masu kusurwa huɗu, manifol na alminiyam, Holley mai maƙogwaro huɗu, kamshaf mai ɗaga bawul inci 0.520. Tafet ɗinsa na saiti ne: 0.024 a bawul ɗin shiga, 0.028 a na fita, inji da zafinsa. In tazarar ta yi kaɗan bawul ba zai zauna ya sauke zafinsa ba, sai ya ƙone. In ta yi yawa sai ƙara da cin hancin kamshaf. Ba a sayar da shi da iyakwandishan, domin kwamfiresa da bel ba su jure irin rpm ɗinsa.

Wajen oda kuma mataki biyu ne. Sai ka fara zaɓar Z15, wato SS 454 mai LS5, sannan ka ƙara dala 263 da 'yan kai a mayar maka LS6. Bonet mai ƙofar shan iska a gindin gilashi, ZL2, kuɗinsa dabam. G80 mai kulle tayoyin baya su juya tare, shi ma dabam. Akwai LS6 na gaskiya da ba su da ZL2, don haka rashin ƙofar nan ba hujja ba ce, samunta ma ba hujja ba ce.

Yaro_Mai_Koyo:
Yallabai, na ga ana tallar Chevelle LS6 ta 1971. Akwai ta?

Mai_Tafet:
Babu. An sanar za a yi, ba a sayar ba. LS6 na 1971 a Corvette kawai ya fito, doki 425, matsi 9.0:1, tof na alminiyam, guda 188.

Dan_Mopar:
Bari in koma kan maganar Hajiya, domin ko a gidanmu na Mopar, wato motocin Chrysler, akwai irinta. Mai son tuƙin gari 440 mai kafireta uku ya fi masa Hemi. Doki 390, ƙarfin juyi 490 daidai da na Hemi amma a 3,200 rpm. A 'Cuda ta 1970 Hemi ƙarin wajen dala 871 ne, shi kuwa wajen 250. Road Runner da Super Bee na tsakiyar 1969 masu lambar A12 sun zo da manifol ɗin alminiyam na Edelbrock, aksul Dana 60 mai 4.10, da bonet na faiba da ake zare fil huɗu a ɗauke shi ɗungurungum. Direban tsere Ronnie Sox ya yi sakan 12.91 da Road Runner A12 a gwajin mujallar Super Stock. A cikin 1970 aka koma manifol na ƙarfe.

Yadda kafiretocin uku suke aiki: ta tsakiya mai 350 cfm ita kaɗai ke ciyar da inji a tafiyar yau da kullum. Biyun gefe masu 500 kowace, zuƙar iska ce ke buɗe su ta wata 'yar roba idan ka take totur. In robar ta tsage ko bututun ya huje, ba za su buɗe ba, kana yawo da lita 7.2 a kan ƙaramar kafireta ɗaya. In sifirin ya yi laushi kuma su buɗe da wuri, mota ta shaƙe kafin ta zabura. Hemi kuwa cutarta a cikin gari filogi ne, yawan tafiya a hankali yana baƙanta su.

Injiniya_Kabiru:
Gyara kaɗan ɗan'uwa, don kada wani ya tara 1,350 ya ce ya kusa ninka Holley ta LS6. Kafireta mai maƙogwaro biyu ana auna ta a zuƙar inci 3.0 na makuri, mai huɗu a 1.5. In za ka kwatanta sai ka raba da 1.41, ka samu wajen 955. Har yanzu da yawa, amma ba yadda ake zuzutawa ba.

Dan_Mopar:
Na karɓa Injiniya.

Alhaji_GTO:
An bar Pontiac da Oldsmobile a baya, alhali Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe kasuwar, da 389 mai doki 325, ko 348 da kafireta uku. Abin da ya sa 1970 ta yi fice a GM shi ne a shekarar aka ɗage dokar kamfanin da ta hana sa inji sama da inci kubik 400 a matsakaitan motoci. Shi ya sa 454 da 455 suka bayyana lokaci guda a Chevelle, GS, Oldsmobile 442 da GTO.

Ku dubi injinan GTO biyun nan: Ram Air III doki 366, Ram Air IV 370. Bambancin huɗu a takarda, alhali na biyun yana da tof mai zagayayyun ramukan fita, kamshaf mai zafi, manifol na alminiyam da rokar 1.65. Wa zai biya ƙarin kuɗi don doki huɗu? Kamfanonin inshora ne suka fara ƙara kuɗi kan motoci masu yawan doki idan aka kwatanta da nauyinsu, sai kamfanonin mota suka koyi yin ƙasa da murya. 455 HO na 1971 kuma, matsi 8.4:1, doki 335, ya gaji irin tof ɗin nan mai zagayayyun ramuka. Shi ne amsata ga mai cewa ƙarfi ya mutu da 1970. 442 W-30 ma daga 370 zuwa 350 kawai ta sauka.

Hajiya_Buick:
Alhaji ka ƙara da cewa 455 ɗin Buick, na Olds da na Pontiac injina uku ne mabambanta. Babu tof ko manifol ɗin ɗaya da zai hau ɗaya. Sabbin shiga suna yawan sayen kaya a kan wannan kuskuren.

Dillalin_Takardu:
Duk wannan kwatancen ba shi da amfani in motar da ke gabanka ba ita ce abin da aka ce ba. Chevelle ta 1970 ita ce mafi wahalar tantancewa. Daga 1966 zuwa 1968 SS tana da lambar shasi mai farawa da 138. Daga 1969 ta zama zaɓi a kan Malibu, wato Chevelle ta yau da kullum, lambar shasi ba ta cewa komai a kai. Sai a 1972 aka sa harafin inji, W na 454. LS6 guda 4,475 aka yi har da El Camino, 'yar'uwar Chevelle mai bodin akori-kura, kuma duk mai Malibu da baji da fenti zai iya ƙirƙirar tasa.

Abin da za a duba: dandamalin gaban bulok ta gefen fasinja, inda aka buga lambar inji da guntun lambar shasi. CRV na LS6 mai giyar hannu, CRR na mai TH400. A haska fitila a kwance a ga layukan yankan masana'anta da ke tafiya daga gaba zuwa baya. In an goge an sake bugawa, layukan kan zama zagayayyu ko su ɓace. Ranar zuba bulok dole ta riga ranar haɗa inji, ita kuma ta riga ranar haɗa mota. Sai takardar haɗi da ma'aikata kan bari a saman tankin mai ko cikin sifirin kujera.

Mopar ta fi sauƙi. Harafi na biyar a 1970 da 1971: R Hemi, V 440 mai kafireta uku, U 440 mai kafireta ɗaya. Farantin da ke cikin ɗakin inji: E74, E87, E86 bi da bi, D21 giyar hannu, A33 aksul 3.54, A34 4.10. Pontiac akwai takardun PHS, Ford daga 1967 akwai Marti Report, dukkansu suna nuna yadda mota ta fito daga masana'anta.

Sarkin_V8:
Madalla, na ƙaru. Maganar doki 95 na sallama. Amma ta biyun har yanzu ina nan. Ko an danne lambar Hemi, babu wanda ya kawo min awo ɗaya da aka yi wa injinan nan duka rana ɗaya a na'ura ɗaya. Gudun ƙarshen kwata mil da Baba ya ce a duba, LS6 tana taɓa mil 107 zuwa 108, ta wuce Buick.

Baba_Giyabos:
Ta wuce da mil biyu ko uku, a wata rana, a wani fili, da wani direba. Motocin da ake ba 'yan jarida ma gyara su ake yi kafin a miƙa.

Injiniya_Kabiru:
Akwai kuma tambayar wane fetur. LS6 an gina shi ne don mai dalma mai wajen 100 RON. Na yanzu babu dalma, kuma mafi kyawun na famfon Amurka, mai lamba 93, wajen 98 RON ne. Da matsi 11.25:1 da tof na ƙarfe, in man ya gaza za ka ji ƙwanƙwasa a hawan tudu, wadda ke fasa gefen fistin inda ringi ke zama. Maganin da aka saba shi ne ja da taimin baya daga digiri 36 gaba ɗaya zuwa 30 ko 32, kuma nan ƙarfi ke zubewa, zafi ya ƙaru a bawul ɗin fita. LS5 ko 455 HO na 1971 kuwa da cikakken taimin ɗinsa yake tafiya a kan man yau. Tazarar da ke takarda tsakaninsu tana raguwa sosai a titi.

Mai_Tafet:
Ƙari biyu ga mai riƙe da na 1970 ko kafinta. In an sauke tof, a sa mazaunin bawul ɗin fita mai tauri, domin dalma ce da ke kare shi. In babu ita bawul yana nutsewa a hankali a doguwar tafiya mai nauyi, alamarsa a LS6 ita ce tazarar tafet ɗin fita ta riƙa raguwa duk saiti. Sai baƙin mai: irin wannan kamshaf mai shafaffen tafet yana son sinadarin zinc wajen 1,200 ppm, na motocin zamani wajen 800 ne. In sabon kamshaf aka sa, da inji ya tashi a riƙe shi tsakanin 2,000 da 2,500 rpm na minti 20 zuwa 30, kada a bar shi a silo. Masu sifirin bawul biyu su cire na ciki sai an gama, sannan a juye man da matatarsa.

Dan_Mopar:
Sarki, Hemi mai 10.25:1 ba ta buƙatar a ja mata taimin kamar LS6 ɗinka. Sa wannan a lissafinka.

Hajiya_Buick:
Stage 1 10.5:1 ce, ita ma tana ƙwanƙwasa in man bai kai ba. Wanda ke da littafin gyaran Buick na 1970 ya sa mana taimin ɗin asali na mai TH400, mu kwatanta da na 1971 mai 8.5:1.